Koren da Ke Cin Takarda

Da hantsi Nimatu ta juya shafi na arba'in, sai tsakiyar shafin ya zame ya kwanta a kan tebur, ya bar gefensa kamar taga babu ƙyaure.

Littafin waƙoƙin Farisa ne mai shekara ɗari huɗu, wani attajiri ya kawo a duba lafiyarsa. Rubutun siriri ne, a kishingiɗe, an kewaye shi da furannin ruwan zinare da shuɗi, sannan aka ja masa layi kore. Da tagulla ake haɗa wannan koren, kuma a hankali yake cin takarda, har wata rana ya yanke ta kamar reza. Nimatu ta san haka. Ta kuma san laifin na wanda abin ya faɗi a hannunsa ne.

Ɗakin aikin yana ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar Charing Cross a ƙasar Turawa, ba taga, sai rugugin tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari. Na Hajiya Murja ne, wadda ta ɗauko Nimatu daga Kano, kuma a kan wannan aikin bizar Nimatu take rataye. Shekara uku tana yankan takarda da wankin buroshi. Ko kwalbar gam ɗin Hajiya ba ta taɓawa, wanda Hajiyar ke damawa da kanta ta ɗiga masa man kanumfari don kada ya yi hunhuna. Na Nimatu sitaci ne zalla.

Makon jiya duka Hajiya ta rufe ƙofa ita kaɗai da littafin. Yau da safe kuwa ta ɗora mata shi a gaba tana murmushi.

"Yau ke za ki duba shi, 'yata. Kin isa. Bari in leƙa Peckham."

Nimatu ta kalli kwalbarta. Ɗigo huɗu sun isa su riƙe shafin har ya bar ɗakin nan, ya je ya faɗi a hannun wani. Ta ɗauki buroshi, ta tsoma, ta tuna wanin nan shi ma ɗan wasu ne. Ta ajiye.

Da azahar Hajiya ta dawo. Ta tsaya a gaban tebur, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Nimatu, kin kashe ni."

"Wallahi Hajiya, juyawa kawai na yi."

"Na sani, 'yata. Amma 'yan insurance ba su san wallahi ba. Dole a yi report, kuma mai littafin ba zai yarda ki zauna ba."

Ta jawo takarda daga jaka, an riga an buga ta, sunan Nimatu a sama. Nimatu ta karanta sau biyu: ɓarnar a hannunta ta auku, ita kaɗai ce a ɗakin. Ba ƙarya a ciki. Ta sa hannu. Hajiya ta ninke takardar, ta hau sama don ta kira attajirin.

Nimatu ta sunkuya ta ɗauke guntun shafin a kan tafukanta biyu, tana ɗauke numfashi don kada hawaye ya ɗiga a kan zinaren. Da numfashin ya ƙwace mata, ta ja iska, fuskarta dab da koren layin.

Bakin yankan yana ƙamshin kanumfari.