Allurar Malam Sallau

Tun da aka fito da maɓallin da ake mannawa a bayan kunne ya zuba ilimi nan take, ba mai koya wa wani komai. Inna Lantana kuwa ta ƙi shi, ga shi ita za ta riƙa yi wa mijinta, Malam Sallau, allurar ciwon suga.

"'Yar nan, ni sai an nuna mini na gwada da hannuna," ta ce wa ma'aikaciyar asibitin.

Ma'aikaciyar ta ce, "Inna, na iya, amma ban san yadda ake nunawa ba."

Malam Sallau ya naɗe hannun riga. "Yi a hankali tana kallo. Ke kuma Lantana, yi ta sukata har ki iya. Tuwo ma ai a kaina kika koya."