Gudumar Dewey

Dewey ya ɗaga guduma ya kirɓa wa tsohuwar gangar da yake gasa nama a ciki. Ya ƙara, ya ƙara, har ƙarfe ya tsaga masa hannu.

"Shegiya! Shekara tara kina kunyata ni a gasar gashin nama!"

Ya cilla ta bola, ya sayo sabuwa dal daga birnin Austin.

Ranar gasar da ake yi a garin Lockhart, awa goma sha huɗu ya yi yana turara naman ƙirjin saniya da hayaƙi. Ya zo na sha ɗaya. Kofin kuwa Royce ne ya ɗauka, ƙanin matarsa, wanda ko ƙwai bai iya soyawa ba.

Dewey ya tsallake tebur ya ci kwalarsa, ya zuba masa naushi a baki.

"Uban wa ya gasa maka, munafuki?"

Royce ya tofar da jini da haƙori guda, ya nuna bayan rumfarsa. Ga tsohuwar ganga nan a lotse, hayaƙi na tashi siriri.

"A bola na tsince ta, Yaya. Ashe murfinta ne ba ya rufuwa da kyau, zafi na zurarewa. Gudumarka ce ta daidaita shi."