Bayan Hansatu

Tun da aka kafa dokar rage baƙin ciki, duk wanda aka binne sai hotunansa su goge daga kowace waya. Haka na rasa matata Hansatu sau biyu. Ni mai zanen fuskoki ne a bakin tasha, amma tun gobarar da ta ɗauke ta hannuna ya ƙi fensir.

Yau dai na zana ta da ka. Na duba, na rasa gane ko wushiryar nan tata ce ko ta wata na aro. Na kai wa surukata, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ita ce?"

Ta daɗe tana jujjuya takardar.

"Ɗan nan, 'yar fari ce. Ko sunanta ban taɓa faɗa ba, balle in tsura mata ido. Sai ta juya baya nake kallonta."

"To wa zan tambaya?"

"Oho. Amma kafaɗarta ta hagu ta fi sauka, ɗaurin ɗankwalinta kuma kullum a karkace."

Na juya takardar, na fara zana bayanta tana tafiya. Ban kai ƙugu ba Inna ta ce a hankali, "Hansatu."