Dambun Godiya

Da Hajiya Tabawa ta warke daga tiyata, sai ta yi dambun nama ta kai asibiti. Mai jiki ce kamar mahaifiyarta, wadda aka auna wa maganin barci da dukan nauyinta, har kitsen, ba ta farka ba.

"'Yata, ina likitan da ya yi mini allurar barci?" ta tambayi nas.

"Ai yanzu ba likita ba ne, gadon asibiti ne ke yi da kansa, Hajiya. Ya ware kitse, ya auna tsoka, ya ba ki daidai."

Tabawa ta ɗora kwanon a kan gadon. "Allah ya saka. Ka mayar da ni ga jikokina."

Allurar gadon ta miƙo a hankali, tana laluben jijiya a jikin kwanon.