Allon Ƙofar Fili

Alhaji Sallau ya yi arzikinsa da juya dukiyar attajirai a kasuwar hannun jari, da na'urarsa mai faɗin farashin gobe tun yau. Da ya sayi ƙungiyar ƙwallon Damisar Gumel, sai na'urar ta koyi faɗin sakamakon wasa, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Hukuma ta ce a riƙa rubuta shi a allon ƙofar fili tun safe. Shekara shida ke nan ba mai zuwa kallo.

Ranar Asabar da la'asar Alhaji ya iso filin, yana rufe ido da hula don kada ya ga allon.

Ya ce wa mai gadi, "Baba Ilu, zo mu kalla tare. Amma kada ka faɗa mini."

"Ranka ya daɗe, ni na rubuta. Fuskata ba ta iya ɓoye abu, gara in tsaya nan."

Alhaji ya zauna shi kaɗai cikin kujeru dubu talatin. Can ƙungiyarsa ta zura ƙwallo. Ya miƙe yana ihu har hularsa ta faɗi.

'Yan wasan suka ɗago suka dube shi da tausayi. Ko wanda ya ci bai ɗaga hannu ba. Tun safe ya karanta sunansa a allon.