Jabanar Hajo

Ɗan sanda ya yi ƙwallo da murhun Hajo mai gahawa, garwashi ya watse a bakin kasuwar Gadarif.

"Yau ake buɗe gada. Ba a son masu shayi a nan!"

Hajo ta ce, "Ku kira injiniya Mujtaba! Shekara biyu yana shan gahawata. Ya ce, 'Inna, gadar nan taki ce.' Har jabanar uwata da nake dafa gahawa a ciki ya ara!"

Aka tura ta bayan motar 'yan sanda.

Suna bi ta ƙarƙashin gadar ta ɗaga kai. Ga ƙatuwar jabanar siminti, har da tsagar bakin tata.

Mujtaba na riƙe da lasifika: "Mun gina ta don girmama iyayenmu masu gahawa."

Suka haɗa ido. Ya kau da kai, aka yi kabbara.