Igiyar Tsoho Murata

"Hagu, Baba, akwai rami!" Chizuru ta faɗa tana haki, amma makahon, tsoho Murata, ya riga ya afka.

Wata uku ke nan tana koyon yi masa jagora da igiya, suna shirin tseren kilomita ashirin da ɗaya, na farko a rayuwarta. Yau sau biyu tana kayar da shi.

"Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi?" Ya karkaɗe gwiwarsa. "Kullum tambayarki yadda ake bi, ba yadda ake ja ba. Wata nawa likita ya ba idanunki kafin su daina gani?"

Ta ce, "Huɗu."

Ya laluba ya damƙe igiyar, ya shige gabanta.

"To rufe su. Ni na haddace hanyar."